Jarrabawar da Alhaji Barau Ya Yi Oda

Alhaji Barau, dillalin tayoyi da ya buɗe makarantar sakandare, ya kira Malama Kubura mai koyar da 'yan ajin ƙarshe.

"Iyaye na tambaya ko yaransu sun isa shiga jami'a. Ki shirya jarrabawar lissafi da Turanci. Ta yi tsauri yadda za a girmama mu, amma kada yaro ko ɗaya ya faɗi. In kin kasa, akwai masu neman kujerarki."

"An gama, ranka ya daɗe. Sai dai kafin a ba yara, sai an gwada ta a kan wani."

"Ki samo wani."

"Iyaye ba za su yarda da kowa ba sai kai. Ranar taronsu sai ka zauna a gabansu, ga biro ga takarda. In ka faɗi, mun tabbatar tana da tsauri."

"In na ci fa?"

"Mun tabbatar kowane yaro zai ci."

Alhaji ya juya maganar, bai ga gefen da ya yi masa daɗi ba.

"Ni ai duka biyun nake so."

"To sai ka ci kuma ka faɗi, Alhaji. Da wanne za mu fara?"

Ya gyara zaman hularsa. "Akwai lissafin nan mai haruffa a ciki?"

"Kaɗan."

"Ki ba su jarrabawar da kika saba. Wanda ya faɗi, a sake koya masa."

Har yau tana kan kujerarta. Shi kuma Alhaji, duk ranar taron iyaye tafiya ce ke kama shi.