Kazar Ladingo da Ta Hau Sama

Dalilin da ya sa ake kiran taurarin nan da ke cure wuri guda Kaza da 'Ya'yanta, yara, ku matso ku ji.

A da can sama ba ta yi nisa ba, wanda ya hau rumbu ma sai ya taɓa ta. A lokacin akwai wata tsohuwa, Ladingo, mai kaza da 'yan tsaki bakwai. Mutanen garinsu akwai gaggawa: ruwan fari na sauka sai shuka, ruwa ya ɗauke, iri ya ƙone. Sau biyu ana yi wa Ladingo haka, har irin geronta ya rage ƙoƙo ɗaya tak.

Ran nan shaho ya sure ɗan tsako guda. Kaza ta zo ta ce, "Iya, ki ɗora mu kan rumbu mu haye sama, inda shaho bai kai ba."

Ladingo ta ce, "Ni kuma wa zai taya ni hira?"

Kaza ta ce, "Daga can zan hango ruwan gaskiya. Ranar da kika gan mu a gabas da asuba, ki shuka. Kafin nan, ko me aka ce, ki riƙe irinki."

Tsohuwa ta zuba su a faifai ta miƙa su sama, tana hawaye.

Ruwan fari ya sauka, gari ya fita shuka. Maƙwabcinta Barmo ya leƙo ya ce, "Iya, yanzu kaza ce sarkin nomanki?" Ta riƙe irinta, ko da yake ta san in kaza ta manta da ita, bana sai yunwa.

Kwana ashirin babu ɗigo, shukar gari ta bushe. Kullum asuba Ladingo na tsakar gida ta zuba wa gabas ido. Rannan sai ga su, cure kamar yadda suke kwana a akurki. Ta ɗauki ƙoƙonta ta nufi gona, kafin azahar hadari ya haɗo.

Da kaka, Barmo ne ya fara zuwa roƙon iri, yana sosa ƙeya. Ta cika masa ƙwarya.

Shi ya sa har yau ake ce musu Kaza da 'Ya'yanta. In kun ƙirga 'ya'yan, shida za ku gani, don shaho bai dawo da na bakwai ba. Amma shidan nan babu abin da ya ƙara taɓa su.