Ɗan Dara na Kusurwa

Akwai wani manomi, gwanin dara ne. Dabararsa ɗaya ce: in ana zuba 'ya'ya a ramuka, sai ya jefa guda can kusurwa shi kaɗai. Abokin wasa ya yi ta gadin ɗan nan, shi kuwa ya jera uku a tsakiya ya ci. Har ya ɗauka duniya ma haka take.

Yana da gona mai nisa, iyaka da ta maƙwabcinsa Arzika, wanda suke dara tare. Don kada Arzika ya ci masa iyaka, sai manomin ya kafa wa ƙanensa Nomau bukka a can, ya ce ya zauna. Bai ƙara leƙa shi ba. A bakin kasuwa kuwa cika baki yake yi, wai ya kafa mutum a hancin Arzika.

Ran nan suna dara, ya jefa ɗansa a kusurwa yadda ya saba. Arzika ko kallon wurin bai yi ba. Manomi ya zolaye shi, ko tsufa ya cinye masa ido ne. Arzika ya ce, "Na gan shi, aboki. Ba shi da ɗan'uwa kusa, da wa zai jera? Ba na gaggawa, nawa ne."

Manomi ya yi dariya.

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Nomau. Matar Arzika ce ta riƙa kai masa kunu, 'ya'yan Arzika suka yi masa noma. Daga gida ko saƙon sannu babu.

Da kaka manomi ya koro jakuna zai kwashi dawa. Ya tarar bukka ta zube, dawa tana rumbun Arzika, Nomau kuma yana zaune a ƙofar gidan Arzika. Ya miƙe ya shimfiɗa masa tabarmar baƙi, ya ce, "Sannu da zuwa, Yaya. Wurin wa ka zo?"

Ma'anar misalin nan ba ɓoyayya ba ce. Manomin nan mu ne. Mu aika mai bishara ƙauye, mu yi ta faɗin sunansa a taro, amma ko mudun hatsi ba mu kai masa ba. Mu yi wa sabon tuba baftisma da waƙa, mu bar shi shi kaɗai cikin dangin da suka juya masa baya. Ranar da ya tafi mu ce Shaiɗan ne. Ku bar ɗora wa Shaiɗan. Shi jira kawai ya yi. Hannun da ya jefa ɗan a kusurwa namu ne.