Harsashi Biyar na Tahirou

Akwai wani mutumin Damagaram, Tahirou sunansa, da ya yi zama a garin Greensboro na ƙasar Amurka. Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarar 2006, amma sai na ɗan koma baya kafin ku gane shi.

Ranar da Tahirou ya sauka a garin, ba shi da komai sai jaka ɗaya da lambar wayar wani dattijo ɗan unguwarsu, Alhaji Maazou, direban tasi. Alhaji ne ya ɗauko shi a tashar bas. Wata bakwai yana kwana a falonsa, yana cin tuwon da dattijon ke tuƙawa da hannunsa, don iyalin Alhaji suna can Nijar.

Allah ya buɗa wa Tahirou. Ya yi karatun kwamfuta, ya samu aiki a wani ofis a kan Elm Street, ya samu takardun zama ɗan ƙasa, ya yi aure. Bayan shekara biyu auren ya mutu, matar ta koma wajen yayarta a Ohio.

To daga nan mutumin ya canja. Duk wanda ya ce masa "ya haƙuri", sai ya ji kamar dariya ake yi masa. Ya daina zuwa suna, ya daina zuwa ta'aziyya. Ko Juma'a, sahun ƙarshe yake tsayawa, liman na sallamewa shi yana cikin mota. Ya kama gida can Pleasant Garden, inda tsakanin gida da gida sai ka yi filin ƙwallo. Wai mutanenmu ba su da aiki sai sa ido. Ba na musun akwai ciwo a ransa, amma akwai girman kai, kuma shi ya fi yawa.

Kowace Juma'a da yamma wayar gidansa sai ta yi ƙara. Ba ya ɗauka. Sai na'urar ɗaukar saƙo ta naɗi muryar dattijo: "Tahirou, ni ne Maazou. Gaisuwa ce kawai." Shekara uku ana haka, bai taɓa mayar da kira ba.

Kaɗaici kuwa ya ci shi. A tsaye yake cin abinci a kicin. Talabijin yake kunnawa ba don ya kalla ba, sai don a ji muryar mutum a gidan. Asabar da Lahadi suka fi yi masa tsawo, shi ya sa ya koyi shiga daji. Sai ya goya jaka da ɗan tanti, ya tuƙa mota wajen awa ɗaya zuwa dajin Uwharrie, ya yi ta tafiya har ƙafa ta gaji.

Wata rana yana zaune bakin rafi, wasu mutum biyu suka wuce shi suna warin giya. Sun daɗe suna kallonsa kafin su tafi. Ba su yi masa komai ba, amma tun daga ranar ya ƙudurta sai ya mallaki bindiga.

Jama'a, wata uku Tahirou ya yi yana zaɓen bindigar nan. Mujallu ya tara kamar mai shirin jarrabawa. Ya shiga aji, ya nemi takardar izinin ɗaukar ta a ɓoye, ya samu. Sannan ya je shagon wani tsohon Bature mai farin gemu.

"Wacce zan sa a jaka ba ta yi mini nauyi ba nake so," in ji Tahirou. "In na dawo gari kuma ta ɓace a ƙarƙashin riga."

Tsohon ya jera masa ƙananan bindigogi uku, irin libarba, a kan gilashi. Ya taɓa ta farko. "Wannan hancinta dogo ne, ta fi saiti, amma za ka san kana ɗauke da ita." Ya taɓa ta ƙarshe. "Wannan hancinta inci biyu ne, ba ta tsatsa, ba ta kama tufafi in ka zaro. Sai dai tana dukan hannu, kuma harsashi biyar kawai take ci."

Tahirou ya auna ta a tafinsa, ya ji ta yi masa daidai.

"Ita nake so."

"In ka ɓata a daji, ka harba sau uku a jere," in ji tsohon yana naɗe ta. "Alamar neman taimako ke nan."

Wata Juma'a ta watan Nuwamba, Tahirou ya tsaya shan mai a hanyarsa ta daji. Sai ga tasi ta tsaya a bayansa. Alhaji Maazou ya fito yana ɗan ɗingishi, gemunsa ya yi fari fat. Babu hanyar gudu.

"Tahirou, kai ne? Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, Alhaji."

Dattijon ya leƙa kujerar baya, ya ga jaka da tanti. "Tafiya za ka yi, ba sallama?"

"Ba tafiya ba ce. Daji ne kawai."

"Wane dajin?"

"Uwharrie." Ya faɗa yana kallon famfon mai.

"Yaushe za ka dawo?"

Ran Tahirou ya ɓaci. Ga sa idon da ya gudu ya biyo shi har gidan mai. "Lahadi," ya ce a gajarce, ya rufe ƙofa.

"Bon. Allah ya kiyaye hanya," in ji Alhaji. Motar Tahirou ta riga ta tashi.

Asabar da hantsi, Tahirou ya bar hanyar da kowa ke bi, ya yanke ta wani gangare don ya isa ruwa da sauri. Ganye ya rufe wani dutse mai santsi. Ƙafa ta zame, ya gangara har ƙasan kwari, ya ji ƙashin ƙaurinsa ya ce ƙas. Da ya yi ƙoƙarin tashi sai duhu ya rufe masa ido.

Ya zaro wayar hannu, babu sabis ko ɗigo. Ya zaro libarba, ya ɗaga sama, ya harba sau uku. Ya kasa kunne. Can nesa ya ji wata bindiga ta tashi, can ma wata. Sai ya gane. Lokacin farautar barewa ne, dajin cike yake da ƙarar harbi, wa zai kula da nasa?

Da la'asar ya harba biyun da suka rage. Shi ke nan. Bai ɗauko ƙari ba, don kada jaka ta yi nauyi.

Lahadi ta waye tsit. A wancan lokacin ba a farauta da bindiga ran Lahadi a jihar, ga shi ranar da za a iya jin sa ta zo ba shi da harsashi ko ɗaya. Ya ja jiki zuwa bakin rafi ya sha ruwa, ya ƙudundune cikin bargon kwanansa. Ƙafar ta kumbura, zazzaɓi ya sauko.

A nan ne ya fara lissafa wanda zai neme shi. 'Yan ofis ba su san inda yake zuwa ba. Maƙwabcinsa bai san sunansa ba. Mahaifiyarsa a Damagaram ta saba da ya yi wata biyu bai kira ba. Ya duba ko'ina a ransa, bai samu mutum ɗaya ba. Ƙaton namiji ya kifa fuska a kan ganye yana kuka. Ba ciwon ƙafar ne ya fi yi masa zafi ba. Abin da ya fi shi ne a ce zai mutu a rami, ba wanka ba salla, kuma ba wanda zai lura.

Litinin bayan azahar ya ji haushin kare. Sannan ya ji wani Bature yana kiran sunansa a karkace. Ma'aikatan daji ne su huɗu, da gadon ɗaukar marar lafiya.

A asibiti ya ji yadda aka yi. A gida, in mutum ya dawo daga tafiya, sai an yi masa barka da dawowa. Alhaji Maazou bai yar da wannan ba don yana Amurka. Lahadi da magariba ya kira, ba a ɗauka ba, kamar kullum. Amma wannan karon hankalinsa bai kwanta ba. Litinin bayan asuba ya tafi gidan Tahirou a Pleasant Garden, bai ga motarsa ba. Sai ya ajiye aikin ranar, ya nufi dajin da bai taɓa zuwa ba, yana bin wuraren ajiye motoci ɗaya bayan ɗaya. A na biyar ya ga motar Tahirou, ganye ya rufe gilashinta. Da guntun Turancinsa ya tayar da ma'aikatan daji.

Da Tahirou ya farka daga aikin da aka yi wa ƙafarsa, dattijon na zaune a kujera da carbi, ga kular abinci a ƙasa.

"Barka da dawowa," in ji Alhaji.

Tahirou ya kasa haɗa ido da shi. "Alhaji, shekara uku ban ɗauki wayarka ba. Me ya sa ka neme ni?"

"Ka ce Lahadi. Lahadi ta yi, ban ji ka ba."

"Ai da ka ƙyale ni, ba wanda zai ga laifinka."

Dattijon ya ci gaba da jan carbi. Can ya ce, "Kana tsammanin kai kaɗai ne ke cin abinci a tsaye? Shekara goma sha huɗu ina garin nan. Hajiya na can, yara na can. In na buɗe ɗakina, ba mai ce mini sannu. Ran Juma'a in na kira gidanka, na'urarka takan ce, 'Nan ne gidan Tahirou.' Da muryarka take faɗa. Ina jin wannan sai in ce yaron yana nan, in samu in ci abinci."

Tahirou ya ja mayafi ya rufe fuskarsa, yana kuka. Kunya ce ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba. Alhaji bai ce masa ya yi shiru ba. Ya sunkuya ya buɗe kular, ya fara zuba tuwo a kwano biyu.

Darasi: Ka tanadi abin kare kai in kana da buƙata, amma kada ka yanke mutanen da za su lura in ba ka dawo ba. Mai yawan tambayar ka ina za ka, ba kullum ba ne sa ido, wani lokacin shi kaɗai ne ya damu da kai. Kuma wanda kake ƙin ɗaukar wayarsa, wataƙila ya fi ka kaɗaici. Ku tura wa 'yan'uwa na gida da na ƙetare, sannan kowa ya duba wayarsa ya mayar da kiran da ya daɗe yana ƙin mayarwa.