Bindigogin da ke Cikin Buhun Illo

Akwai wani manomin albasa a Dogarawa, sunansa Illo. Lokacin farkon jam'iyyu ne, manyan Yamai sun sa ƙasa a gaba da rigima, yau yajin aiki, gobe zanga-zanga, kowa na zargin kowa.

Jarida sau ɗaya take zuwa a mako, a motar haya. Sai a taru a tashar Konni, wani tsohon mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, ya ɗora tabarau a karan hanci yana fassara wa jama'a daga Faransanci. Shafin da ake jira shi ne na wani mai sharhi, Wakili. Da an ce "Wakili ya ce," ko mai shayi sai ya daina kaɗa cokali.

Wata rana Illo ya shiga motar Labo, taubashinsa. Kun san taubasai, ba sa gaisawa sai da tsiya.

"A'a, ga babban ɗan tawaye!" in ji Labo. "Bindiga nawa ka cusa cikin buhunnan bana?"

"Arba'in," in ji Illo. "Ta hwarko kanka za ta hwasa, bawana."

Mota ta kwashe da dariya, ban da wani mai kwat a gidan gaba da ke ta rubutu. Wakili ne. Bai tambayi kowa komai ba har ya sauka.

Mako na zagayowa, mushe ya karanta: "Na ji da kunnena, wani Illo na Dogarawa ya amsa cewa yana kai wa 'yan adawa makamai cikin albasa."

A Tsarnawa jandarma suka tsare lodin Illo. Suka farke buhunan ɗaya bayan ɗaya, suka bar su kwana huɗu a rana. Ko allura ba su samu ba, amma noman shekara guda ya ruɓe a bakin hanya.

Abin da ya fi ci wa Illo rai shi ne mutane. Dillalai suka daina amsa sallamarsa. Labo ya bi gari yana rantsuwa cewa wasa ne, ana ce masa, "Kai ka hi jarida sani?"

Illo bai yi kuka ba. Ya cika buhu guda da ruɓaɓɓiyar albasa, ya ce, "Labo, bakinka ya jawo. Tashi ka kai ni Yamai."

Suka tarar da Wakili a buro, wato ofishin jarida, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Labo ya bayyana masa cewa wasan taubasai ne kawai.

"Bon, ekute, dattijo," in ji Wakili, yana cakuɗa Faransanci yana juya biro. "Ni ra'ayi nake rubutawa, ka gane? Za mu sa ɗan gyara a shafin ƙarshe. Wala!"

"Ban yi lakwal ba," in ji Illo, "amma ina da ido. Ƙaryarka da manyan baƙaƙe ka yi ta, makaho ma sai ya gani. Gaskiyata ce za ka ɓoye a baya? Muna mota guda da kai! Mi ya hana ka waiwayo ka tambaye ni?"

Ya kwance bakin buhu, ya juye shi kan teburin. Ruwan albasa ya bi takardu, ya gangara cikin takalman Wakili.

"Ga bindigogin nan. Rubuta."

Labari ya riga su komawa gida. Direbobin hanyar Konni suka yi taro suka ce ba motar da za ta sake ɗaukar jaridar nan muddin sunan Wakili na ciki. Mako uku tana jibge a tashar Yamai, mai jarida ya sallame shi.

Dillalan suka zo ba Illo haƙuri, kai a ƙasa. Ya dube su ya ce, "Shi bai san ni ba. Ku hwa?"

Darasi: Alƙalami yakan halaka mutum ba tare da ya taɓa shi ba, musamman in ƙasa na cikin rikici. Mai rubutu, ka bincika kafin ka rubuta. Mai karatu, kada takarda ta sa ka ƙaryata wanda ka sani tun yana goye. Ku tura wa masu yawan cewa "ai jarida ce ta faɗa."