Farin Ragon Tahiru

A garin Guna an yi wani manomi mai suna Tahiru. Ba mugu ba ne, ba kuma malalaci ba. Aibinsa guda ne: in ya mallaki abu mai kyau, sai ya ga na kowa tarkace. Abin da ya mallaka kuwa wani farin rago ne balami, mai dogayen kunnuwa, wanda in ya tsaya a turke sai ka ce ɗan maraƙi.

Al'adar garin, kowace safiya a saki dabbobi makiyayi ya haɗa su garke guda. Can a daji ragon wannan gida ya yi barbara da tunkiyar wancan, ba mai tambaya. Tahiru ya ce shi ba da shi ba. Ya kewaye tumakinsa da ƙaya, yana yi musu yankan ciyawa da kansa. Ran da maƙwabcinsa Inusa ya kawo shawarar su riƙa musayar rago, dariya ya yi.

"Jinin nan ba na rabo ba ne, Inusa. Ka je ka ji da gajerunka."

Haka ragon ya haifi 'ya'ya mata, ya barbare su, ya dawo kan jikoki. Duk farare tas. Tahiru ya kan tsaya bakin shinge yana ce wa masu wucewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A gidan nan kaf, namijin da ba na wannan zuri'a ba ɗaya ne, wani ɗan rago dabbare-dabbare mai gajeren kunne da matarsa Wasila ta zo da shi daga Dakusa. Shi wannan a bayan rumbu ake ɗaure shi don kada ya ɓata iri.

Sannu a hankali aka fara haihuwar 'yan tumaki masu gajeren muƙamuƙin ƙasa. Kyau kamar uban, amma baki ba ya kama nono, sai su yi ta kuka har su mutu. Tahiru ya ɗora laifin a kan bakin mutane da hassadarsu. Ana cikin haka ruwa ya ɗauke. Damina ta zo ba ta cika ba, ta bayanta ta fi ta lalacewa. Gero ya bushe tun bai kai gwiwa ba, mutane suka koma tonon gidan tururuwa suna neman ƙwaya, dabbobi suna faɗuwa a hanyar rijiya. Tumakin Tahiru, da ma ba ƙarfin jiki gare su ba, suka riga na kowa zubewa. Aka wayi gari tunkiya ɗaya ta rage masa da raguna biyu, harawar kuwa ba za ta riƙe baki uku ba.

A lokacin ne ƙanensa Suma'ila, mai koyar da ilimin halittu a lakwal, wato makarantar boko, a Damagaram, ya zo duba su. Da ya ji labarin 'yan tumakin, sai ya roƙi Wasila farin wake da ja, ya zauna a tabarma.

"Yaya, kowace dabba tana ɗauke da ƙwayar gado biyu ta kowace siffa, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Farin nan shi ne lafiyayyen baki, jan nan shi ne naƙasar. In suka haɗu, farin ke rinjaye, jan ya ɓuya, ka ga dabba lafiya lau alhali tana ɗauke da shi. Ragonka haka yake. Ya ba 'ya'yansa, ka kuma mayar da su gare shi. Duk ran da ja ya gamu da ja, shi ne abin da kake binnewa."

"To sau nawa suke gamuwa?"

"In uwa da uba duk suna ɗauke da shi, ɗaya cikin huɗu. Ka bar ragon Wasila, don Allah. Jininsa daga nesa yake."

Fuskar Tahiru ta washe. "Ashe ma na huta. Tunkiyar nan ta riga ta haifi naƙasasshe bara. Ta biya nata, saura uku lafiyayyu."

"Ba haka ba ne, Yaya. Ciki ba ya tuna na gabansa. Kowace haihuwa sabuwar ƙuri'a ce."

Amma mai girman kai rabin magana yake ji, rabin da ya yi masa daɗi. Wasila ta ce, "Malam, ko don na iyayena ne, a bar shi." Bai ko dube ta ba. Ran kasuwa ya ja ragon nata ya miƙa wa mahauta.

Tunkiya ta ɗauki cikin farin ragon, shi kuma bai kai ƙarshen rani ba. Duk begen gidan ya koma kan cikin nan, don daga shi za a sake tada garke in Allah ya kawo ruwa. Tahiru ya yi ta hawa gawo yana kakkaɓo mata 'ya'ya. Ya zare bunun ɗakinsa ya ba ta. Har dusar da Wasila ke tankaɗewa don kunu ya raba biyu. Ni dai ban ga wanda ya wahalta wa dabba kamarsa ba, kuma abin tausayi ne.

Wata rana da hantsi tunkiyar ta haihu, namiji. Fari ne tas, kunnuwa har kafaɗa, uban sak. Tahiru ya durƙusa ya ɗaga haɓarsa, sai ya ga muƙamuƙin ƙasa gajere ne. Ya tatsi nono a ƙoƙo yana ɗiga masa da yatsa, nonon yana zubowa ta gefe. Wasila tana tsaye riƙe da muciya tana kallo, har ɗan ragon ya mutu.

Bayan ya binne shi, ya saka takalmi ya nufi gidan Inusa, ya yi sallama da muryar da ba a san shi da ita ba.

"Aron rago na zo, ko wane iri ne."

Inusa ya kama hannunsa ya kai shi bayan gida, ya nuna masa turaku babu ko igiya.

"Da bara ka zo, Tahiru. Yau garin nan kaf babu namiji. Na tambaya har Gafati, su ma haka."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, abin da ido ke gani a jikin halitta ba shi ne duk abin da take ɗauke da shi ba. Siffa mai rinjaye tana rufe ɓoyayyiya, ɓoyayyiyar kuma tana bin zuri'a shiru har ta gamu da irinta, kuma jini na kusa ya fi saurin haɗa su. Ɗalibi ya riƙe cewa ɗaya cikin huɗu ba layi ba ne da ake bi, kowace haihuwa da nata rabon. Rashin ruwa ba a hannun Tahiru yake ba, amma zaɓen rago a hannunsa yake. Wanda ya tsinci abin da ya yi masa daɗi a cikin ilimi ya watsar da saura, ranar da zai nemi gyara ba lalle ya tarar da abin gyaran ba.