Bahon da Sallau Ya Fasa

An yi wani mutum a wani gari, shekarun baya, wani bawan Allah mai gyaran famfo, ana ce masa Sallau. Ba shi da komai sai jakar kayan aikinsa da tsohon keke. Ku saurara da kyau, jama'a.

Wata rana ya yi aiki a wani tsohon gida da ake rushewa, mai gidan ya ba shi bahon wanka kyauta, irin na ƙarfen nan mai nauyi, mai farin fenti kamar tangaran. Fentin ya ɗan tsattsage, amma Sallau bai ɗauke shi komai ba. Ya kai gida, matarsa Laraba ta riƙa yi wa 'yarsu Tasalla wanka a ciki. 'Yar shekara biyu, kun dai san halinsu: ta tsotsi hannu, ta lashi bakin baho, ta kurɓi ruwan.

Ana nan ana nan, yarinya ta daina cin abinci. Yau ciwon ciki, gobe kasala, 'yar maganar da ta fara ma ta tsaya. Aka je asibiti, aka auna jini, aka ce gubar dalma ce. Wata ma'aikaciyar lafiya ta biyo su gida tana dube-dube, har ta zo kan bahon. Ta gwada, ta ce, "Malam, ga ta nan, a cikin wannan fentin da ke ɓarewa."

To, a nan jarrabawa ta zo. Magani sai da kuɗi, gida kuwa ba ko tsaba. Sai ga wani dillalin tsofaffin kaya ya yi sallama, ya hango bahon a jingine a zaure, ya taya da tsada. Sallau ya gaya masa gaskiyar abin da ke jikin bahon.

Dillali ya yi murmushi ya ce, "Kai dai ka sallama. Wani gari zan kai shi, wa ya san ka can?"

Sallau ya ji tarin 'yarsa daga ɗaki, kuma wallahi ransa ya so kuɗin nan. Can ya ce, "Yaron da za a zaunar a ciki fa, shi ba ɗan wani ba ne?"

Da dillali ya tafi, Laraba ta ce, "Maigida, da me za mu sayi magani?"

Ya ce, "Akwai keke."

Ya jiƙa buhu ya lulluɓe bahon don kada ƙurar ta tashi, ya sa guduma ya fasa gindinsa yadda ba zai ƙara riƙe ruwa ba. Ya sayar da keken, ya koma zuwa aiki a ƙasa. Tasalla ta warware a hankali, ko da yake ta jima kafin bakinta ya buɗe. Sallau bai yi arziki ba, kada in yi muku ƙarya. Amma bai taɓa kwanciya da tunanin ɗan wani ba.

'Yan'uwa, abin da ka san zai cuci ɗanka, kada ka miƙa wa ɗan wani don ba ka san sunansa ba. Mai shago, mai sayar da abinci, mai gyara, kowa ya san aibin da ke cikin kayansa, kuma Allah ya san ka sani. In kun koma gida ku duba abin da yaranku ke lasa. Sannan ku duba abin da kuke sayar wa iyayen wasu. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ranar da take da tsada.