Gahawar da Ƙarfe Ya Sha Ranar Gwajin Zuciya

Akwai wani direban bas da abokan aikinsa ke kira Ƙarfe, don tun da ya fara tuƙi ba a taɓa jin ya ce ko kansa na ciwo ba. Mutum ne mai ji da kansa. In wani direba ya ce zai je asibiti, sai Ƙarfe ya bushe da dariya ya ce, "Ka gaishe su, ka ce musu kada su jira ni."

Sai ga shi wata safiya an same shi jingine da jikin bas, ya dafe ƙirji, gumi na keto masa. Shugaban tasha ya karɓe makulli, ya ce ba zai mayar masa ba sai likita ya duba zuciyarsa.

Gwajin da likita ya nema shi ne a ɗauki hoton zuciya tana hutawa, a sake ɗauka tana cikin wahala. Yawanci mutum ake sawa ya yi gudu a kan na'ura, amma gwiwar Ƙarfe ta daɗe da lalacewa. Saboda haka aka ce allura za a yi masa.

Nas ɗin da ta yi masa bayani mace ce mai haƙuri. Ta ce, "Baba, sunan maganin adenosin. Yana buɗe jijiyoyin zuciya kamar ka yi gudu, alhali kana kwance. Mai lafiya za ta buɗe, wadda ta toshe ba za ta buɗe ba, sai hoto ya nuna mana ita. Za ka iya jin fuskarka ta ɗau zafi, ƙirji ya yi nauyi, amma ba ya daɗewa, kuma muna tsaye a kanka. Kana da asma?"

"Ni? Allah ya kiyaye."

"To madalla, don mai asma sai an canza masa wani. Saura abu ɗaya. Daga jajibirin gwajin, ba gahawa, ba shayi, ba cakulan."

"Shayin ma? Me ya yi muku?"

"Yana tare wa maganin hanya. Sai mu ɗauki hoto ya fito lafiya lau, alhali ciwon na nan a ɓoye."

Duk bayanin da baiwar Allah nan ta yi, wannan kaɗai Ƙarfe ya tafi da shi gida.

Ranar gwaji da safe, matarsa ta shiga kicin ta tarar da shi a tsaye, yana ɗura baƙar gahawa kofi bayan kofi. Ta ce, "Baban yara, ba an hana ka ba?"

Ya ce, "In suka ga wani abu, sun raba ni da sitiyari. In ba sitiyari, ni wane ne? Ki rufe bakinki kawai."

Ɗakin gwajin sanyi ne da shi, ba taga, ba abin da ake ji sai ƙarar na'urar da ke bin bugun zuciya. Tsohuwar da ta riga shi shiga ta fito tana fifita da gefen mayafi, tana cewa maganin ya sa ta ji kamar wadda kare ya kora. Aka kwantar da Ƙarfe, aka manna masa wayoyi a ƙirji.

Nas ta dube shi ta ce, "Baba, ko kurɓi ɗaya ba ka yi ba?"

Ya ce, "Ko ƙamshinta ban ji ba."

Aka saki maganin. Suka jira. Fuskarsa ba ta yi zafi ba, numfashinsa bai canza ba, na'ura ta ci gaba da ƙararta kamar ba a yi komai ba. Nas ta duba allura, ta duba robar da maganin ke bi, ta dubi likita. Likita ya ce akwai waɗanda ba sa jin komai. Ƙarfe ya yi murmushi ya ce, "Ai ba banza ake ce mini Ƙarfe ba."

Amma shi kaɗai ya san abin da ya ji a cikin shirun nan. Ji ya yi kamar wani ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, bai samu an buɗe ba, ya koma gefe ya zauna yana jira.

Hoto ya fito tas. Aka mayar masa da makulli, ya shiga tasha yana ɗaga hannu kamar wanda ya ci zaɓe.

Ba a daɗe ba ya fara jin wata ƙara a cikin bas. Dum. Dum. Can ƙasa-ƙasa, ta gefen kujerarsa. Ya kai wa makaniki, aka buɗe inji, aka shiga ƙarƙashi, ba a ga komai ba. Makaniki ya ce, "Oga, motar nan lafiyarta ƙalau."

Ƙarfe ya ce, "Ba ka ji ba? Ga ta nan ma yanzu."

Makaniki ya dube shi ya ce, "Oga, ai injin a kashe yake."

A gida matarsa ta roƙe shi har da hawaye ya koma ya faɗa musu gaskiya. Ya ce in ta sake tayar da maganar, ranta zai ɓaci. Wallahi taurin kan wasu mazan yana ba ni haushi, sai su mayar da mai ƙaunarsu abokiyar gaba.

Ranar da abin ya faru, tsakar rana ce, bas cike da fasinjoji, suna gangara wata hanya mai gada a ƙarshenta. Ƙarar nan ta dawo, amma wannan karon a tsakiyar ƙirjinsa. Hannun hagunsa ya yi nauyi kamar an rataya masa buhun siminti. Titi ya fara duhu daga gefe-gefe. Da sauran ƙarfinsa ya karkata bas zuwa bakin hanya, ya ja birkin hannu.

Fasinjoji suka hau mita. "Direba, lafiya? Muna sauri fa!" Bai juyo ba. Yana zaune tsaf, hannaye a kan sitiyari, idanu a buɗe suna kallon gada. Sai da wata mata ta taɓa kafaɗarsa ta ji rigarsa sharkaf, jikinsa sanyi ƙalau, sannan ta ƙwala ihu.

Allah ya yi da sauran kwana. Ya farfaɗo a asibiti, ya ga likitan nan riƙe da tsohon hoton, ransa a ɓace, yana cewa ya rasa yadda aka yi toshewa irin wannan ta wuce su. Matar Ƙarfe ta dubi mijinta, ya kawar da kai. Sai ta ce, "Likita, ba laifinku ba ne. Gahawa ya sha."

Likita ya ajiye hoton, ya juya ga Ƙarfe. Ya ce, "Malam, da mun gan ta a ranar, ƙaramin aiki ne. Da mun buɗe jijiyar, ka huta, ka koma tuƙinka. Yanzu wani ɓangare na zuciyarka ya mutu, kuma ba ya dawowa. Ba zan iya barin ka ɗauki rayukan mutane a mota ba."

Yanzu kullum da safe Ƙarfe na zaune a bakin taga. Bas ɗinsa takan bi ta layinsu da wani direba a ciki. Matarsa ta ce in bas ɗin ta zo kwana, hannayensa sukan ɗaga da kansu su juya iska, shi kuma bai ma san yana yi ba.

Darasi: Wanda ya yaudari gwajin likita, kansa ya yaudara, don ciwon bai san an ci jarrabawa ba. In an hana ka shayi ko gahawa kafin gwajin zuciya, ka haƙura. In ka manta ka sha, ko kana da asma, ka faɗa a sake maka rana ko magani. Ku tura wa iyaye da 'yan uwa, musamman masu cewa su ba sa ciwo.